Sabon kwatabak daga jami'a ko tsohon hannu: wanne ya fi wa ƙungiyar NFL?

A ƙwallon Amurka babu gurbin da ya kai na kwatabak (quarterback), mai jagorantar hari da jefa ƙwallo, nauyi. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kusan kowane hari. Umarnin koci yana shigo masa ta 'yar rediyon da ke cikin hular kwanonsa, ya isar wa sauran mutum goma, sannan ya dubi yadda abokan hamayya suka jeru ya ga ko dabarar za ta yi ko sai an canja. Idan ya rage daƙiƙa 15 a agogon fara wasa sai a katse rediyon, daga nan shi da idonsa ne kawai. Da an miƙo masa ƙwallo kuma, bai cika samun fiye da daƙiƙa uku ba kafin ƙartin da ke farautarsa su iso. Ƙungiyar da ta dace da gwani a wannan gurbi tana iya shekara goma ana damawa da ita. Wadda ba ta dace ba, ko ta tara zaratan 'yan wasa a sauran wurare, da wuya ta yi nisa.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa na Turai zai ce ai sai a fitar da kuɗi a sayo. A NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya, kuma akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi cikin shekara. Hanyoyin samun kwatabak ba su da yawa. Ko dai a ɗauko matashi daga jami'a a zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi a ƙarshen watan Afrilu, inda ƙungiyoyi 32 ke zaɓe bi da bi har zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke farawa. Ko a yi musaya da wata ƙungiya a ba ta damar zaɓe ko 'yan wasa a karɓo tsohon hannu. Ko a ɗauki wanda kwantiraginsa ya ƙare. Ko kuma a haƙura da wanda ake da shi a ƙara masa kuɗi. Ra'ayina shi ne ƙungiyar da ba ta da gwani na haƙiƙa ta ɗauki matashi, amma akwai sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan su ne suka fi kayar da mutane.

A fara da kuɗi, domin nan hujjar ɗaukar matashi ta fi ƙarfi. Kafin 2011 yaron da aka zaɓa na farko yakan karɓi kwantiragi kamar wanda ya riga ya ci kofi. Sam Bradford, da St. Louis Rams ta ɗauka a 2010, ya sa hannu kan dala miliyan 78 na shekara shida, miliyan 50 a ciki tabbas ne ko ya yi wasa ko bai yi ba. Yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi suka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2011 ta ƙayyade albashin sababbi. Cam Newton, na farko a waccan shekarar, dala miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Tun daga lokacin lissafi ya juya. Caleb Williams, na farko a 2024, kwantiraginsa na shekara huɗu bai kai dala miliyan 40 ba, wato wajen miliyan 10 a shekara. A watan Satumbar 2024 Dallas ta ba Dak Prescott miliyan 240 na shekara huɗu, miliyan 60 ke nan a shekara, alhali iyakar albashin ƙungiya gaba ɗaya a 2024 miliyan 255.4 ne. Gaskiya ne akawun ƙungiyoyi sun iya tura nauyin kuɗi zuwa shekarun gaba, amma bashi ne, ranar biya tana zuwa.

Wannan tazarar ta kusan miliyan 50 a shekara ita ce kuɗin gwanayen masu tare wa kwatabak, da mai cafe ƙwallo na gaske, da mai kai wa kwatabak ɗin abokan hamayya farmaki. Seattle ta ɗauki Russell Wilson a zagaye na uku a 2012, tana biyansa ƙasa da dala miliyan ɗaya a shekara lokacin da ta lallasa Denver da ci 43 da 8 a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, a Fabrairun 2014, kuma rarar kuɗin ta taimaka mata riƙe 'yan bayan da suka fi na kowa a lokacin. Kansas City ta ci kofi a Fabrairun 2020 Patrick Mahomes yana kan kwantiraginsa na farko. Cincinnati, wadda ta ci wasa 2 kacal cikin 16 a 2019, ta ɗauki Joe Burrow, a kakarsa ta biyu sai ga ta a wasan ƙarshe. Philadelphia da Jalen Hurts a Fabrairun 2023, San Francisco da Brock Purdy a Fabrairun 2024, duk haka abin yake. Albashin Purdy a kakar 2023 dala 870,000 ne. Ga kuma ƙarin garaɓasa: wanda aka ɗauka a zagaye na farko, ƙungiya tana da ikon riƙe shi shekara ta biyar a kan farashin da doka ta tsara.

To amma duk wannan lissafin sai yaron ya iya wasa. A nan ne abin ke ba masu ƙungiyoyi tsoro, kuma suna da gaskiya. Dubi 2021, shekarar da aka yi ta kururuta cewa an samu kwatabak biyar na zagaye na farko: Trevor Lawrence na 1, Zach Wilson na 2, Trey Lance na 3, Justin Fields na 11, Mac Jones na 15. Kafin a fara kakar 2024, Lawrence kaɗai ya rage a ƙungiyar da ta ɗauke shi. A 2018 an ɗauki Baker Mayfield, Sam Darnold, Josh Allen da Josh Rosen cikin goma na farko, Lamar Jackson kuma sai na 32, ƙarshen zagayen. Allen da Jackson sun zama gwarazan shekara a ƙungiyoyin da suka ɗauke su. Sauran ukun an rabu da su. A 2017 Chicago ta ba da wasu damarmakin zaɓe don ta hau daga na 3 zuwa na 2 ta ɗauki Mitchell Trubisky, ta bar Mahomes har ya kai na 10. Waɗannan ƙungiyoyi suna da ma'aikata masu yawa da ke bin wasannin jami'o'i, suna kallon bidiyo, suna hira da yaran, suna gwada su, amma duk da haka ana dacewa a wasu, a faɗi a wasu. Wasan jami'a ya bambanta da na NFL wajen sauri da wajen yadda 'yan baya ke ɓoye shirinsu, shi ya sa sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, kuskure a zaɓe ba ya kashe ƙungiya idan damarta ta kanta kawai ta yi amfani da ita. Arizona ta ɗauki Rosen a 2018, ta ga ba zai yi ba, a 2019 ta ɗauki Kyler Murray na farko ta tura Rosen Miami. Shekara ɗaya ta rasa. Abin da ke karya ƙungiya shi ne jinginar da shekarun gaba don a hau sama. San Francisco ta ba Miami zaɓenta na 12 a 2021, da na zagayen farko na 2022 da na 2023, da ƙari, don Lance. Wasa huɗu kawai aka fara da shi, ya karye a idon sawu a 2022, a 2023 aka tura shi Dallas kan zaɓen zagaye na huɗu. Purdy, wanda aka ɗauka na 262, na ƙarshe ƙwal a 2022, shi ya rufa wa shugabannin asiri. Carolina ba ta yi wannan sa'ar ba. A 2023 ta ba Chicago DJ Moore, babban mai cafe mata ƙwallo, da zaɓe na 9, da na zagayen farko na 2024, da wasu biyu na zagaye na biyu, don ta ɗauki Bryce Young. Ta kawo yaro, ta sallamar da wanda zai jefa wa ƙwallon. Ta ci wasa 2 cikin 17, kuma ladan zuwa na ƙarshe, wato zaɓe na farko a 2024, ya faɗa hannun Chicago.

Sai ɗaya ɓangaren, na tsohon hannu. Masu goyon bayansa suna da misalai masu nauyi. Drew Brees ya koma New Orleans a 2006 bayan kwantiraginsa ya ƙare a San Diego, ya ci musu kofi a 2010. Peyton Manning ya koma Denver a 2012, aka ci kofi da shi a Fabrairun 2016. Tom Brady ya je Tampa Bay a 2020 ya ɗauki kofi a kakarsa ta farko. Los Angeles Rams ta ba Detroit Jared Goff da zaɓen zagayen farko guda biyu da na uku guda ɗaya ta karɓo Matthew Stafford a 2021, a Fabrairun 2022 ta doke Cincinnati 23 da 20. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amfanin tsohon hannu a bayyane yake: an ga wasansa a NFL shekara da shekaru, ba sai an jira ya koya ba, kuma ƙungiyar da taurarinta suka fara manyanta ba ta da shekara uku ta rainon yaro.

Sai dai a dubi dalilin da ya sa waɗannan mutane suka fito kasuwa. Brees ya ji mummunan rauni a kafaɗa. Manning ya sha tiyata a wuya bai buga kakar 2011 ba sam. Brady yana da shekara 42 lokacin da ya bar New England. Stafford ya shekara 12 a Detroit ya nemi a sallame shi. Gwanin kwatabak mai lafiya, mai ƙuruciya, ba a sakinsa, don haka duk wanda ka gani a kasuwa akwai abin da ya fito da shi. Kuma idan cinikin ya ɓaci, asarar ta ninka ta zaɓe, domin ana biya sau biyu, da damar zaɓe da kuma kuɗi. Denver ta ba Seattle zaɓen zagayen farko biyu, na zagaye na biyu biyu, da 'yan wasa uku a 2022 don Russell Wilson, ta ƙara masa kwantiragin dala miliyan 245 tun bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Bayan kaka biyu ta sallame shi, aka bar ta da nauyin miliyan 85 a lissafin albashi na mutumin da ba ya nan. Cleveland ta ba da zaɓen zagayen farko uku a kan Deshaun Watson, ta tabbatar masa da miliyan 230 gaba ɗaya. An dakatar da shi wasa 11 saboda zarge-zargen cin zarafin mata, raunuka suka biyo baya, cikin kaka uku wasa 19 aka fara da shi. Ban san wani kuskuren zaɓen matashi tun 2011 da ya yi wa ƙungiya ɓarna irin wannan ba.

Akwai wani nau'in tsohon hannu da ya fi mini ma'ana, wato wanda aka ɗauka da wuri a baya, ya faɗi a wurin da babu tsari, aka yar da shi. Tampa Bay ta ɗauki Mayfield a 2023 kan kuɗi kaɗan na shekara ɗaya, ya ci musu rukuninsu. Minnesota ta ɗauki Darnold kan dala miliyan 10 a 2024, suka ci wasa 14 cikin 17. Irin wannan ciniki ba ya hana ɗaukar matashi, ana haɗa su ne.

Shawarar da Chicago ta fuskanta a farkon 2024 ita ce ta fi tattara duk waɗannan abubuwa wuri ɗaya. Tana da Fields, wanda magoya baya ke so, har suna rera a bar musu shi a wasan gida na ƙarshe. A 2022 ya yi gudun yadi 1,143 da ƙwallo, abin da kwatabak kaɗan ne suka taɓa yi. Amma a wasa 38 da aka fara da shi 10 kawai aka ci, yana daɗewa riƙe da ƙwallo, kuma shekara ɗaya ta rage masa mai arha. Ta biyar za ta ci sama da dala miliyan 25, bayanta kuma sai babban kwantiragi. Hanya ta ɗaya ita ce a riƙe shi, a sake sayar da zaɓe na farko kamar yadda aka yi a 2023, a tara masa mataimaka. Hanya ta biyu ita ce a ɗauki Williams, agogon albashi ya koma farko. Janar manaja Ryan Poles ya bi ta biyu, kuma a ganina ya yi daidai. Abin da Pittsburgh ta biya ta karɓi Fields, zaɓen zagaye na shida, ya nuna yadda sauran ƙungiyoyi ke kallonsa.

Inda Chicago ta yi sakaci shi ne gidan da ta kawo yaron. Ta riƙe koci Matt Eberflus wanda kujerarsa ke rawa, katangar masu tare wa kwatabak kuma ba ta da ƙwari. An kayar da Williams kafin ya jefa ƙwallo sau 68 a kakarsa ta farko, wasu laifin katanga, wasu nasa na jinkiri. An kori mai tsara hare-hare, Shane Waldron, a watan Nuwamba. Sai wasan ranar Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa a ƙarshen Nuwamba, a Detroit: Chicago tana baya da maki uku, 23 da 20, tana kusa da inda za ta iya buga ƙwallon ramawa, aka kayar da Williams saura kusan rabin minti. Tana da damar tsayar da agogo guda ɗaya a hannu. Yaron yana ta ƙoƙarin jera mutanensa, agogo yana tafiya, koci yana tsaye bai ɗaga hannu ba. Kafin a jefa ƙwallon ƙarshe ta faɗi ƙasa lokaci ya ƙare. Washegari aka kori Eberflus, karo na farko a tarihin ƙungiyar da aka kori babban koci ana tsakiyar kaka. Sun ƙare da wasa 5 cikin 17. Sai a 2025 aka kawo Ben Johnson daga Detroit, aka nemo Joe Thuney da Jonah Jackson da Drew Dalman don gyara tsakiyar katanga, aikin da ya kamata a yi kafin yaron ya iso. Tsoron irin wannan ba sabo ba ne. Houston ta bari aka kayar da David Carr sau 76 a 2002, kuma bai taɓa zama abin da aka zata ba. Washington kuwa, da ta ɗauki Jayden Daniels na biyu a rana guda da Williams, ta riga ta kawo sabon koci da sabon mai tsara hare-hare da wasan da ya dace da ƙafarsa. Daga cin wasa 4 a 2023 ta koma 12, ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Akwai kuma masu cewa a bar kwatabak, a ɗauki wanda ya fi kowa iya wasa ko a wane gurbi yake. New York Giants ta yi haka a 2018. Eli Manning yana da shekara 37, amma ta ɗauki Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo, na biyu. Barkley gwani ne, babu mai musu. Sai dai a shekara mai zuwa dole ta nemi kwatabak, ta ɗauki Daniel Jones na 6. Ta ƙi riƙe masa shekara ta biyar, ya yi kaka ɗaya mai kyau a 2022, ta ba shi dala miliyan 160 na shekara huɗu a Maris 2023, ta sallame shi a Nuwamban 2024. Barkley kuma ya tafi wurin abokiyar gabarta Philadelphia, ya yi gudun yadi 2,005, ya ci kofi. Ba tsuntsu ba tarko. Wannan ne tarkon da ya fi kama ƙungiyoyi: kwatabak mai dama-dama, wanda bai lalace har a yar ba, bai kuma kai gwani ba, amma kasuwa ta sa a biya shi kuɗin gwani. Biyan Mahomes kwantiragin dala miliyan 450 bai hana Kansas City cin kofi a 2023 da 2024 ba, domin shi yana rufe ramukan da ƙarancin kuɗi ya buɗe. Mai dama-dama ba ya rufewa, shi ma jira yake a tallafe shi da kuɗin da ya riga ya cinye.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ɗaukar matashi tun ana da wanda ke riƙe da gurbin. Green Bay ta ɗauki Aaron Rodgers na 24 a 2005, ya shekara uku a benci bayan Brett Favre. Ta maimaita da Jordan Love na 26 a 2020, Rodgers bai ji daɗi ba, magoya baya suka yi ta ƙorafi, shi ma Love ya shekara uku yana jira. Kansas City tana da Alex Smith kuma tana zuwa wasannin sili-ɗaya-ƙwale lokacin da ta hau daga na 27 zuwa na 10 don Mahomes. Ta biya da zaɓen zagayen farko ɗaya na shekara mai zuwa da na zagaye na uku, farashin da za ta iya ɗauka domin gidanta a gine yake. Philadelphia ta ɗauki Hurts na 53 a 2020 bayan ta riga ta ba Carson Wentz babban kwantiragi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Illarta ita ce shekarun arha suna ƙonewa a benci, kuma idan aka yi kamar Atlanta, wadda ta ba Kirk Cousins miliyan 180 a Maris 2024 sannan ta ɗauki Michael Penix na 8 a Afrilu, an biya tsada ta fuska biyu a lokaci guda.

Don haka idan ƙungiya tana cikin biyar na farko da damar zaɓenta ta kanta, kuma masu binciken ta sun yarda da wani yaro, ta ɗauka, ko da wanda take da shi yana da magoya baya. Ba kullum ake samun kai a wannan matsayi ba, kuma a 2024 kwatabak shida suka tafi cikin zaɓe 12 na farko, wanda ya yi jinkiri bai tarar da kowa ba. Amma ta daidaita maganar koci kafin ranar zaɓe, ta kashe rarar albashin a katanga, ta kuma yi masa haƙuri. Peyton Manning abokan hamayya sun cafke ƙwallo 28 da ya jefa a kakarsa ta farko a 1998, Indianapolis ta ci wasa 3, shekara mai zuwa ta ci 13. Idan kuwa ƙungiya ta riga ta cika ta ko'ina, kwatabak kaɗai ya rage, kuma akwai irin Stafford a kasuwa, musaya tana da hujja, muddin ba a haɗa ta da tabbataccen kwantiragi na shekaru masu yawa ba.

Wadda ta fi shiga tsaka mai wuya ita ce ƙungiyar da ke zaɓe a tsakiyar zagaye, daga na 15 zuwa na 25, a shekarar da babu fitattun yara. Buƙata takan sa a ga gwani inda babu shi. Pittsburgh ta ɗauki Kenny Pickett na 20 a 2022, shi kaɗai ne kwatabak ɗin zagayen farko a shekarar, bayan kaka biyu ta tura shi Philadelphia. A irin wannan hali gara a ɗauko irin su Mayfield ko Darnold kan kwantiragin shekara ɗaya, a sayar da zaɓen ga mai gaggawa a karɓi na zagayen farko na baɗi, sannan a gwada sa'a da wani yaro a zagaye na biyu zuwa na huɗu, inda aka samo Hurts da Russell Wilson da Prescott, wanda Dallas ta ɗauka na 135 a 2016.